Usaina a Ƙirjina

Talata, 6 ga Agusta, gab da magariba

Kai da kake karanta wannan, in ma akwai ka, ka taɓa haƙa ramin da bai wuce tsawon kamu guda ba? In ba ka taɓa ba, kada ka ce mini haƙuri. Yau na sha haƙuri har ya ginshe ni.

Ƙasar da laushi, an yi ruwa jiya. Ni na haƙa, surukina Baba Mahmudu ya sa jaririn, can bayan rumbunsu. Babu salla tunda bai yi kuka ba. Babu suna. Baba ya karkaɗe hannu ya ce bari ya leƙa gona, maimai bai ƙare ba.

Ni ne Hambali, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur, a tashar Gidan Sori. Ban yi lakol ba, ban taɓa zama a ajin boko ba. A jikin buhunan taki da allunan hanya na koyi haɗa baƙi, sauran a salula. Matata Juwairiyya, cikin fari. Watan jiya aka kai ta gidan iyayenta goyon ciki kamar yadda ake yi, wani ƙauye a hayin ƙorama.

Da hantsi aka aiko mini. Na tarar ɗaya ya riga ya fito, an naɗe shi a tsumma an ajiye bayan ƙofa. Ita kuma tana jijjiga, ta tauna harshenta, ungozoma na cewa akwai saura a ciki. Ba wanda ya san biyu ne. Muka ɗora ta a amalanken shanu zuwa likita. A can ta biyun ta fito. Mace. Ta yi wani ɗan kuka kamar na 'yar kyanwa.

Tun Lahadi naƙudar ta fara. Yau Talata.

Laraba, hantsi

Madam, sajfam ɗin da ta karɓi haihuwar, wato ungozomar likita, ta ɗora yarinyar a sikeli: kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Kazar da nake ratayowa a bayan moto ta fi ta nauyi.

Ta juya kan Juwairiyya ta danna ƙafarta da yatsa. Wurin ya loɓa, ya ƙi tasowa.

"Tun yaushe suka kumbura haka?"

Juwairiyya ta runtse ido.

"Ciwon kai fa? Ido yana ganin duhu?"

Juwairiyya ta ce ya kai wata. Da ƙyar na ji ta.

"Wa kika gaya wa?"

Ta juya fuskarta bango. Madam ta dubi Inna, surukata. Inna ta ja mayafi ta fice. Gwaggo Kubra, yayar Baba, ita ta amsa:

"Madam, ɗiyar fari ce. Uwa ba ta tambayar ɗiyar fari ciki. Ko sunanta ba ta kamawa. Haka munka tarar."

Madam ta ce hawan jini ne, shi kuwa bai san ɗiyar fari ba. Ba ta ɗaga murya ba. Na so ta ɗaga.

Sai ta ce yarinyar ba ta iya riƙe ɗumin jikinta, sanyi kaɗan zai ɗauke ta. Kada a yi mata wanka. A manna ta da fatar ƙirjin mutum, a ɗaure da zane, dare da rana. A tatso nono a ɗan kofi a riƙa ɗiga mata. Uwar ba ta iya zama. Gwaggo na tari, Madam ta hana ta. Inna ga itace ga ruwan jego ga girki.

Na cire riga.

Gwaggo ta dafe kai. "La'ilaha illallahu! Hambali, ɗiyarka ta fari? Gaban surukai?"

Na ce, "Gwaggo, ɗaure mini ta baya."

Ta ɗaure. Da kyau ma ta ɗaure, tana yi tana tsine wa zamani.

Alhamis, asuba

Tana numfashi.

Juma'a, bayan masallaci

Ban je Juma'a ba. Tahiru, abokina na tasha, ya biyo da fura a leda. Ya tsaya bakin ƙofa ya kalle ni sama da ƙasa.

"Mai jego, ina kwanan ɗaki? Nono ya kawo, ko a dama miki kunun kanwa?"

Na ce uwarsa ce mai jego.

Ya yi dariya, ya matso, ya ɗaga bakin zanen da yatsa ɗaya. Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Kai, wannan duka ita ke nan?" Na ce ita ke nan. Ya ce motona yana wurinsa, zai riƙa tayar da shi kada ya kwanta. Ya tafi bai sha furar ba.

Asabar, la'asar

An sallame mu. Mun koma gidan su Juwairiyya, can za ta yi arba'in. An shimfiɗa mini tabarma a zaure. Ni da ban taɓa wuce zauren nan ba sai da kaina a ƙasa da takalmi a hannu, yanzu nan nake kwana, ba riga. Inna in za ta fita sai ta bi ta ƙofar awaki.

Litinin, hantsi

Na tsare Gwaggo da tambaya. Ta ce ranar Lahadi Juwairiyya tana daka ta ajiye taɓarya ta shiga ɗaki. Ta kwana ta yini a durƙushe, ta cusa bakin zane a baki tana cizo, don mai haihuwar fari ba ta kuka, a yi mata waƙa a bakin rijiya har ta tsufa. Inna ta wuce ta ƙofar ɗakin ya fi a ƙirga. Ta ji nishi. Ta ajiye ruwa a bakin ƙofa. Ba ta shiga ba. Sai Litinin da yamma ta ce wa Gwaggo, "Ki leƙa waccan, kamar ba ta jin daɗi."

Waccan.

Na ce, "Gwaggo, da akuyarta ce take nishi haka, da ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Ta ce in kiyayi bakina, a gidan mutane nake. Sai ta gyara zama ta ce, "Kai mai karatu, ranar da ka zo gaisuwa ka ga ƙafafunta kamar turmi, mi ka ce?"

Yarinyar ta motsa. Na tashi na kai ta a ɗiga mata nono.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Na nemi abin da ke kashe jarirai a salula, na samu da Hausa. Wai a duniya kusan jarirai miliyan biyu ake haifa ba rai duk shekara, kuma da yawansu da ransu naƙuda ta fara. Wasu sama da miliyan biyu ba sa cika wata. Sun faɗi abin da ke kawo shi: hawan jini, masassarar sauro, ƙarancin jini, doguwar naƙuda, haihuwa kafin lokaci, tagwaye, sanyi, ciwon cibi, nisa da likita. Na karanta sau biyu ina neman namu. Kusan duk namu ne, kamar a tsakar gidan nan suka zauna suka rubuta. Amma ban ga kunya a ciki ba. Masu binciken ba su san akwai uwar da za ta tsaya bayan ƙofa da kwanon ruwa ba.

Miliyan biyu. Ban ji komai ba. Na yi ta ƙoƙari in ji wani abu, sai ƙaiƙayin zufa a ƙarƙashin zane.

Talata, 13 ga wata, walaha

Suna.

Uban ɗan fari ɓuya yake yi ranar suna, abokai su yi ta nemansa suna tsiya. Ni ina zaune a tsakiyar zaure da ita a ƙirji, na yafa bargo. Tsofaffi suna shigowa suna kawar da kai kamar sun tarar da ni ina tsarki.

Baba Mahmudu ya raɗa wa Liman Sulaimanu cewa a sa mata Sakina. Ya ce tunda ɗayan bai zo da rai ba, gara a ba ta sunan da ba zai riƙa tayar da magana ba.

Na ce Usaina.

Baba ya ce, bai dube ni ba, "Duk wanda ya ji Usaina sai ya ce ina Hassan."

Na ce shi ya sa.

Liman ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce haƙƙin uba ne. Aka shafa fatiha. Sanƙira ya fita yana faɗa: Usaina, Usaina. Daga cikin gida ba a yi guɗa ba sai can wata ta yi guda ɗaya, gajera.

Wanzami ya zo da zabirarsa zai cire mata beli. Na ce ya taɓa ta ya ga yadda ake cire na manya. Ya ce a shekara talatin ba a taɓa yi masa haka ba. Na ce yau an yi.

Alhamis, asuba

Tana numfashi. Ta yi mini fitsari a ciki, da ɗumi.

Juma'a, 16 ga wata, la'asar

Juwairiyya ta iya zama. Aka fitar da kowa, na shiga ɗakin na kwance zanen na ɗora mata ita. Ƙirjina ya yi fari ya yi laushi kamar hannun mai wanki. Usaina ta lalubi nono ta kama da kanta, ba kofi. Muka zuba mata ido.

Can Juwairiyya ta ce, ba ta ɗago ba, "Ka gan shi?"

Na ce na gan shi.

"Da wa ya yi kama?"

Na ce yana da gashi.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ya daina motsi tun ranar Asabar ɗin. Na san ba daidai ba ne. Na buɗe baki in gaya wa Inna, sai na ga bayan kanta."

Na sunkuya ina gyara wa Usaina zane. Bakin nan nawa da ake tsoro a tasha.

Litinin, hantsi

Mun koma awo. Ta ƙaru kaɗan. Madam ta ce, "Baban Usaina, ka iya goyo." Ta ce in ta ƙi kama nono, ko jikinta ya yi zafi, ko ya yi sanyi, ko numfashinta ya sake, kada a jira komai, a kawo ta ko ana ruwan ƙanƙara.

A hanya na maimaita wa Gwaggo. A gida na tsaya bakin zaure na ɗaga murya na sake faɗa wa katanga, don Inna tana bayanta tana tankaɗe. Tankaɗen ya tsaya. Ta ji.

Alhamis, 22 ga wata, magariba

Rumbuna babu komai, na Baba ma ya kusa ƙasa, gero bai nuna ba. Mai jego sai da abinci. Na koma tasha. Yanzu da rana uwar ke riƙe ta, in na dawo in karɓa.

A kan moto sai in ji ina tafe a hankali, ina kauce wa rami, hannu ɗaya na kai wa ƙirji. Wani fasinja ya ce ko ƙwai na ɗauko.

Asabar, asuba

Tana numfashi. Ta buɗe ido ɗaya ta harare ni. Gwaggo ta ce halin uban ne ya fara fitowa.

Litinin, 26 ga wata, hantsi, Gidan Rumji

Zan rubuta yadda saƙon ya zo. Shi kaɗai zan rubuta.

Jiya Lahadi, kasuwar Gidan Rumji, na fita da sassafe. Bayan fitata ta ƙi kama nono. Jikinta ya yi sanyi ko a ƙirjin uwar. Juwairiyya ta ce, "Inna, ba ta kamawa." Wannan karon ta faɗa. Inna ta shiga, ta taɓa, ta gane. Baba ya tafi gona mai nisa da salular gidan a aljihu. Mai jego ba ta fita kafin arba'in. Ba a fita da ɗiyar mutum ba da izininsa ba. Kuma suruka ba ta kiran surukinta.

Inna ta ruga wurin Gwaggo ta ce, "Ki sa a gaya wa yaron nan abin da likita ta faɗa ya faru."

Gwaggo ta je shagon Mansur mai salula. Ba a gaya wa namiji baƙo ciwon jariri ɓaro-ɓaro, baki na da kaifi. Ta ce, "Ka kira mijin ɗiyarmu, yarinyar ba ta jin daɗi."

Mansur ya kira, salulata tana wurin caji a tasha. Ya kira Tahiru. Ba a ɗaga wa mai tuƙi hankali. Ya ce, "Ka ce wa Hambali ana son ganinsa a gida, amma lafiya lau."

Tahiru ya same ni ina ɗaure wa wani Bafillace tunkiya a bayan moto. Ya ce, "Mai jego, wai in ka samu sukuni ka leƙa gidan surukanka."

Na kai tunkiyar Gidan Rumji. Na samo mai buhun wake na dawo da shi. Na ci shinkafa da wake a tasha. Na yi azahar.

Sannan na samu sukuni.

Daga gidan zuwa likita Tahiru ya tuƙa, ni a baya da ita a ƙirji. Ƙorama ta kawo, muka sauka muka ratsa, ruwa iya cinya, shi yana tura moto yana kuka yana cewa wallahi haka aka gaya masa. A likitar Gidan Sori suka duba ta suka ce sai gaba, Gidan Rumji. Yanzu tana nan da roba a hanci da wata a hannu. Hannun bai kai kaurin babban yatsana ba, ban san yadda suka samu jijiya ba.

Kowa a cikinsu alheri ya yi mini. Ka gane? Ba mugu ko ɗaya.

Litinin, magariba

Tana numfashi, tana tsayawa, tana numfashi.

Talata, 27 ga wata

Sun ba ni zanen.

Talata, bayan la'asar

Wannan karon an yi salla, tunda tana da suna. Sahu bai cika ba. Wani a bayana yana tambayar kuɗin taki.

Alhamis

An yi ruwa.

Juma'a, 30 ga wata, hantsi

Masu gaisuwa. Allah ya sa mai ceto ce. Allah ya kawo masu albarka. Ai ku yara ne. Wata tsohuwa ta ce ita bakwai ta binne, ga ta nan. Ta faɗa kamar mai faɗin buhun da ta noma. Na ce, "Iya, a cikin bakwai ɗin nawa ne aka tambayi abin da ya kashe su?" Ta ce wannan yaro ba shi da kunya. Na ce ina ƙoƙari.

Liman Sulaimanu ya zo, ya yi addu'a mai tsawo. Ya ji abin da na ce wa tsohuwar. Da zai tashi ya dafa kafaɗata ya ce kunya wani yanki ce ta imani, kada baƙin ciki ya raba ni da ita.

Na ce, "Malam, wace kunyar?"

Ya ce in zo gida mu yi magana mu biyu.

Lahadi, 1 ga Satumba

Na fita aiki. Na dawo. Ban san ko mutum nawa na ɗauka ba.

Fatar ƙirjina tana saɓa.

Talata, magariba

Na kai gero kaɗan. Ina zaure ina sauke shi na ji tafiya ta tsaya bayan asabari. Na ɗauka Gwaggo ce. Sai na ji muryar da ban taɓa ji tana magana da ni ba tun da na fara zuwa gidan nan zance.

"Hambali."

Na tsaya da buhun a hannu.

"Juwairiyya ba ta ci komai ba tun shekaranjiya. Juwairiyya ba ta barci. Ka shigo ka gan ta."

Sau biyu Inna ta kama sunan ɗiyarta. Ya fito mata da ƙyar, kamar tana ɗaga dutsen niƙa. Na ji tana sheshsheƙa a bayan asabarin.

Ashe yana faɗuwa. Ashe in an faɗa, rufin ɗaki ba ya ruftowa.

Na shiga da takalmina. Na zauna na ba Juwairiyya kunu da ludayi, ta sha uku. Inna na tsaye a cikin ɗakin, a cikinsa, tana riƙe da ƙwaryar. Ban ji tausayinta ba, ban ji haushinta ba. Na dai matsa mata ta zauna.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Ban je gidan Liman ba. Ba zan je ba. Mu biyu a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, a rufe ƙofa: ai ta haka aka yi na rasa biyu.

Malam Sulaimanu, kai ka raɗa mata suna, kai ka sallace ta. Gobe Juma'a. Lasifikar masallacinka tana kaiwa har madafin kowane gida, matan da ba sa zuwa sahu suna jin ka suna tuƙa tuwo. Ka sha yin huɗuba a kan tsawon wando da awon mudu. Gobe ina sahun farko, gab da mumbari, ba zan ɗaga murya ba sai ka gama.

Ka faɗa a lasifikar: uwar da ta ji ɗiyarta na nishi ta tsaya bayan ƙofa, kunyar imani ta yi? Mai cikin da ta ji ɗa ya daina motsi ta haɗiye maganar, lada ta samu? Mijin da ya ga ƙafa ta kumbura ya sunkuyar da kai don yana gidan surukai, ladabi ya yi? Saƙon da aka yi ta sassautawa har ya iso ba komai a cikinsa, mutunci ne?

In addini ne, ka buɗe littafin ka karanto mana wurin, da Larabci da Hausa, ni ma na iya bin baƙi da yatsa. Zan yi shiru har in mutu. In kuwa ba addini ba ne, ka faɗa da bakinka, ka kira abin da sunansa, yadda mai ciki a hayin ƙorama za ta ji, uwarta ma ta ji, su dubi juna.

Kada ka ce in yi haƙuri. Kada ka ce in zo gida. A gaban jama'a, Malam. Ka amsa.